Alhakin shugaban gidan yari a kan fursunoni 'yan LGBTQ a Amurka

Tambaya: Ina aikin gandiroba a wata jiha a Amurka, kuma an ƙara mini girma zuwa mai kula da sashe guda. A cikin mutanen da ke hannuna akwai masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi, waɗanda ake kira 'yan LGBTQ. Abokan aiki suna cewa mafi sauƙi shi ne a kulle su a ɗakin kaɗaici don kada a taɓa su. Me doka ta ɗora wa shugaba a kan wannan, kuma a ina aka fi samun matsala?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya taya riƙo. Shawarar da abokan aikinka suka ba ka ita ce kuskuren da aka fi tafkawa a wannan fanni, kuma za mu zo kanta. Amma sai ka fara sanin girman abin da ke gabanka.

Ofishin ƙididdiga na Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ya yi wa fursunoni tambayoyi a asirce tsakanin 2011 da 2012. A gidajen yarin jihohi da na tarayya, kashi 12.2 cikin ɗari na waɗanda suka ce su masu neman jinsi ɗaya ne ko jinsi biyu sun bayyana cewa wani fursuna ya yi lalata da su da ƙarfi ko da matsi cikin shekara guda. A sauran fursunoni kashi 1.2 ne kawai, wato ninki goma ke nan. Masu sauya jinsi kuwa, kusan kashi 40 ne suka ce an ci zarafinsu, ko daga fursuna ko daga ma'aikaci. Kada kuma ka ɗauka mutanen nan 'yan tsiraru ne. Nazarin da Ilan Meyer da abokan aikinsa suka fitar a 2017 ya nuna kusan kashi 9 na mazan da ke gidan yari, da kusan kashi 42 na mata, masu neman jinsi ɗaya ne ko jinsi biyu, ko kuma sun taɓa mu'amala da jinsinsu. Duk sashen da aka ba ka, suna ciki, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba.

Tushen alhakinka a shari'a shi ne ƙarar Dee Farmer. Mai sauya jinsi ce da aka mayar kurkukun maza na Terre Haute a jihar Indiyana a 1989, ba a jima ba aka yi mata duka aka yi mata fyaɗe. A 1994 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jami'in da ya san akwai babban haɗari a kan fursuna, ya kau da kai, ya saɓa wa tsarin mulki. Kotun ta ƙara da cewa idan haɗarin a fili yake, ana iya ɗauka jami'in ya sani ko da ya musanta. Bayan haka aka yi dokar kawar da fyaɗe a gidajen yari, wadda aka fi sani da PREA, a 2003, sannan Ma'aikatar Shari'a ta fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2012. Wa'adodin da za ka gani a ƙasa daga waɗannan ƙa'idoji suke.

Aikin yana farawa ne daga ƙofar shiga. Duk wanda aka kawo, ko sabo ne ko daga wani gidan aka mayar da shi, sai an tantance shi cikin awa 72, a sake duba shi kafin kwana 30. Ana duba shekarunsa, ƙirar jikinsa, ko yana da naƙasa ko taɓin hankali, ko wannan ne ɗaurinsa na farko, ko laifinsa ya haɗa da tashin hankali, ko an taɓa cin zarafinsa, ko yana cikin 'yan LGBTQ ko kuwa mutane za su ɗauke shi haka, da kuma yadda shi kansa yake ganin lafiyarsa a wurin. Wanda ya ƙi amsa tambayoyin da suka shafi sirrinsa ba a hukunta shi. Wanda ya ce an taɓa cin zarafinsa, a yi masa tayin ganin likita ko likitan ƙwaƙwalwa cikin kwana 14.

A takarda abin da sauƙi. A aikace kuwa, sau da yawa tantancewar tana faruwa a bakin kanta da tsakar dare, ga mutum goma a kan benci suna saurare, ga jami'i ya gaji yana so ya gama. Babu mai hankalin da zai faɗi gaskiya a irin wannan wuri. Wani jami'in ma kunya ke hana shi tambaya, sai ya dubi mutum ya cika fom da kansa. Gyaran ba ya cin kuɗi: ɗaki mai ƙofa, a yi wa kowa tambaya iri ɗaya da lafazi iri ɗaya, kuma kafin a fara a gaya wa mutum dalilin tambayar da wanda zai ga amsar. Sannan amsar kanta kada ta bar ofishin da ke rarraba ɗakuna. Abin da gandiroban da ke tsaron sashe yake buƙata shi ne alama kawai, cewa wane ba a haɗa shi ɗaki da wane. Duk ranar da sirrin mutum guda ya fita daga bakin ma'aikaci, labarin zai karaɗe gidan kafin la'asar, kuma daga nan babu wanda zai ƙara gaya muku komai.

Tantancewar tana fitar da rukuni biyu, wanda ake jin tsoron a cutar da shi da wanda ake jin tsoron ya cutar, kuma ba a haɗa su ɗaki, ko wurin aiki, ko aji. Inda wannan ya fi karyewa shi ne sauyin ɗaki na dare, lokacin da gado ya yi ƙaranci kuma ma'aikatan rarraba ɗakuna sun tashi. Kwamfuta za ta nuna gargaɗi, jami'i ya tsallake don ya sami inda zai ajiye mutum. Ka sa doka cewa babu mai tsallake wannan gargaɗi sai da sa hannun babban jami'in da ke bakin aiki, kuma kowace safiya ka karanta jerin sauye-sauyen da aka yi da dare.

Yanzu ga batun kaɗaici. Ƙa'ida ta hana a sa mutum a keɓe ba da son ransa ba don kawai yana cikin haɗari, sai an auna duk wata hanya an ga babu. Idan ba a iya aunawa nan take ba, ana iya riƙe shi ƙasa da awa 24 kafin a kammala. Idan ya zama dole, bai kamata ya wuce kwana 30 ba, dole a rubuta dalili, a sake dubawa duk bayan kwana 30, kuma a bar masa karatu da aiki da sauran damarsa gwargwadon iko. Ƙa'idojin kula da fursunoni na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda ake kira ƙa'idojin Mandela, sun fi haka tsauri: kulle mutum awa 22 ko fiye a rana ba tare da hulɗa ta gaske da mutane ba shi ne kaɗaici, kuma fiye da kwana 15 a jere haramun ne.

Dalilin wannan tsauri shi ne ɗakin da ake kai mai laifi don horo da ɗakin da ake kai mai neman kariya yawanci ɗaya ne, ƙofa ɗaya, tagar abinci ɗaya. Mutum ya rasa aikinsa, ya rasa ajin da zai rage masa kwanakin ɗauri, ziyara da waya su ragu, ga shi masu sauya jinsi da yawa sun shigo ne da ciwon damuwa tun daga waje, kaɗaici kuwa yana ƙara haɗarin mutum ya illata kansa. An gudu ba a tsira ba. Ɓarnar da ta fi wannan ita ce darasin da sauran fursunoni ke ɗauka: wanda ya kai ƙara shi aka kulle, wanda ya yi ɓarnar yana yawo a tsakar gida. Sai kowa ya yi shiru, rahoton wata ya nuna babu ƙorafi ko ɗaya, shugaba ya zaci gidansa lafiya. A gidan da ke da ɗaruruwan mutane, rashin ƙorafi gaba ɗaya abin tuhuma ne. Kafin ka sa hannu a kan keɓe kowa, tambayi kanka ko za a iya ɗauke mai barazanar maimakon wanda ake wa barazana, ko akwai ɗakin mutum ɗaya a cikin sashen jama'a, ko ɗaki kusa da teburin gandirobobi, ko sauya wurin aiki da lokacin cin abinci zai wadatar, ko a mayar da shi wani gidan. Ka riƙe jerin duk wanda ke keɓe don kariya, da ranar da ya shiga, ka duba shi kowane mako da kanka.

Wasu za su ce to a yi musu sashe nasu. Ƙa'ida ta hana ware su sashe guda saboda wannan dalili kaɗai, sai idan hukuncin kotu ko sulhun shari'a ne ya kafa sashen don kare su. Misalin da aka fi sani shi ne K6G a kurkukun maza na Los Anjalas, wanda ya samo asali daga wata ƙara ta 1985, kuma mazaunansa da dama sun shaida wa masu bincike cewa sun fi samun kwanciyar hankali a can. Amma a gundumar San Bernardino, a Kalifoniyar dai, irin wannan sashe ya jawo ƙara a 2014, domin ana kulle mazaunansa kusan yini duka kuma an hana su aiki da karatun da sauran ke samu. Sashe na musamman yana amfani ne idan mutum da kansa ya zaɓi shiga, ana tantance masu shiga don kada mugu ya yi ƙarya ya kutsa, kuma duk abin da ake samu a sauran sassa ana samu a can.

Wurin da za a ajiye mai sauya jinsi, gidan maza ko na mata, shi ne hukunci mafi nauyi, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. A zauna da jami'in tsaro, likita, likitan ƙwaƙwalwa da mai kula da PREA, a dubi kowane mutum shi kaɗai: tarihin laifinsa, halinsa a ɗaurin baya, inda maganinsa ya kai, ko an taɓa cin zarafinsa, da ra'ayinsa a kan inda zai fi tsira, wanda ƙa'ida ta ce a ba shi nauyi sosai. A sake dubawa aƙalla sau biyu a shekara. Hanyoyin lalaci biyu ne, kuma kowacce ta jawo ɓarna. Ta farko a bi halittar jiki kawai, wadda ta kai Dee Farmer inda aka kai ta, kuma a 2016 Ma'aikatar Shari'a ta fayyace cewa hakan ya saɓa wa ƙa'ida. Ta biyu a bi faɗar baki kawai ba a duba tarihi ba, kamar yadda ya faru a Ingila, inda aka kai Karen White, mai tarihin laifin lalata, gidan mata na New Hall ta ci zarafin fursunoni, aka yanke mata hukunci a 2018. Matan da ke gidan yari su ma amana ce, kuma da yawansu an ci zarafinsu kafin su shigo. Kada ka ɗauka kuma kowane mai sauya jinsi yana son a mayar da shi. Wasu sun fi son zama inda suke idan an ba su ɗakin kansu.

A wannan batu siyasa tana juyawa da sauri. Hukumar gidajen yarin tarayya ta fitar da jagora a Janairun 2017, aka sauya shi a 2018, aka maido a 2022, sannan umarnin shugaban ƙasa na 20 ga Janairun 2025 ya ce a ajiye kowa bisa jinsin haihuwa kuma a daina biyan kuɗin maganin sauya jinsi, kotuna kuma suka dakatar da wasu sassan umarnin. Jihohi kowacce da tata. Dokar Kalifoniya da ta fara aiki a 2021 ta ba zaɓin fursuna nauyi fiye da na yawancin jihohi. Don haka nemi lauyan hukumarku ya ba ka matsayin jiharku a rubuce. Hukuncin Farmer dai yana nan, kuma ya hau kanka ko a wane gida aka ajiye mutum.

Wulaƙancin yau da gobe ya fi faruwa a wajen caje da wanka. An haramta tuɓe mai sauya jinsi ko mata-maza don kawai a ga halittarsa. Idan ana buƙatar sani, a tambaye shi, a duba takardun asibiti, ko likita ya duba a keɓe cikin gwajin lafiya na gaba ɗaya. Gidaje da yawa suna ba da fom tun ranar shiga, mutum ya nuna jinsin jami'in da yake so ya caje shi. Abin da ba a yi shi ne jami'ai biyu su raba jiki, mace ta caje sama namiji ya caje ƙasa. A ba shi damar wanka shi kaɗai, ko da labule mai tsayin da ya dace ko da lokaci daban, amma kada lokacin ya zama ƙarfe huɗu na asuba, kada kuma a riƙa shelanta shi ta lasifika. Game da kira, maimaita kalaman ƙasƙanci a kan jinsi ko jiki ko tufar fursuna cin zarafi ne a ƙa'idar PREA. Jami'in da bakinsa ya yi nauyi a kan «shi» ko «ita» yana da mafita mai sauƙi: ya kira mutum da sunan mahaifinsa kamar yadda ake kiran kowa.

Magani aikin likita ne, amma isar da shi aikinka ne. Wanda ya shigo yana shan maganin sinadarin jiki na sauya jinsi, yanke masa shi kwatsam yana jawo rashin lafiya da damuwa mai tsanani, wasu har su yi wa kansu rauni. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar Wiskonsin da ta hana wannan magani gaba ɗaya, kuma ƙarar da Ashley Diamond, wata fursuna mai sauya jinsi, ta shigar a 2015 ta sa jihar Jojiya ta bar tsarinta na cewa sai wanda ya zo da takardar likita daga waje za a ba. A kan tiyatar sauya jinsi kuwa kotuna sun saɓa wa juna. Naka shi ne takardar neman ganin likita kada ta kwana a aljihun gandiroba, kuma idan an kulle sashe ko an mayar da mutum wani gida, maganinsa ya bi shi. Haka maganin HIV, wanda tsallake shi ke sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. Kada a kira sunan magani a layi. Alabama ta daɗe tana ware masu wannan cuta tana sa musu farin ƙyalle a hannu, har kotu ta hana a 2012.

Akwai kurakurai biyu masu karo da juna a kan abin da ake kira yarda. A gidan maza, jami'i ya ji ƙorafi ya ce ai dama halinsa ne, ya rufe maganar. Alhali abin da ake gani kamar abota sau da yawa ciniki ne na dole: mai ƙarfi ya ba da kariya, mai rauni ya biya da jikinsa. Alamominsa a fili suke ga mai lura, kamar mutumin da kayan kantinsa kullum ke ƙarewa a hannun wani, yake wanke wa wani tufa, ya daina fita motsa jiki, ko bashi ya yi masa katutu. A gidan mata kuma abin ya juye: wadda ke da kamar maza sai a ɗauke ta mafarauciya, a riƙa rubuta mata laifi don ta riƙe hannun wata ko ta yi mata kitso. Hukuma tana da ikon hana duk wata mu'amala ta jiki tsakanin fursunoni, amma ƙa'ida ta ce abin da babu tilas a ciki ba a rubuta shi a matsayin cin zarafi. Tsakanin ma'aikaci da fursuna kuwa babu maganar yarda ko kaɗan, kuma hukuncin da ake fara ɗauka shi ne kora.

Idan ƙorafi ya zo, jami'in farko ya raba mutanen biyu, ya tsare wurin, ya roƙi wanda aka cutar kada ya yi wanka, ko goge baki, ko sauya tufa, ko shiga banɗaki kafin a ɗauki shaida, a kai shi asibiti ba tare da an karɓi ko sisi daga gare shi ba. Dole a sami hanyoyin kai ƙara fiye da ɗaya, aƙalla guda ta wajen hukumar, wadda mutum zai iya ɓoye sunansa. Ƙorafin gaggawa ana ba da amsar farko cikin awa 48, ta ƙarshe cikin kwana 5. Bayan nan sai a sa ido na aƙalla kwana 90 don kada a rama. Ramuwa ba ta zuwa da duka; tana zuwa ne da takardun laifi uku a mako guda ga mutumin da ya shekara ba shi da ko ɗaya, ko cire shi daga aikin kicin ba dalili. Ka ɗauki wayar kai ƙorafin da kanka lokaci-lokaci ka gwada, domin ana samun lambar da ta mutu wata da watanni ba wanda ya lura.

Duk wannan yana iya cika a fayil gidan kuma ya ruɓe. Gidan yarin mata na tarayya da ke Dublin a Kalifoniya ya isa izina: shugabansa, Ray Garcia, wanda ya taɓa jagorantar horon PREA a gidan, kotu ta same shi da laifin lalata da fursunoni a Disambar 2022, kuma a 2024 aka rufe gidan. Binciken da ake yi wa kowane gida sau ɗaya a shekara uku takardu ya fi gani. Abin da ke gano gaskiya shi ne zagayen ba-zata, dare da rana, wanda ƙa'ida ta wajabta wa manyan jami'ai tare da hana ma'aikata sanar da juna. Kada zagayenka ya tsaya a baranda. Shiga sito na kicin, ɗakin wanki, matakala, bayan ofishin malamai, duk inda kamara ba ta kai ba, ka tsaya ka yi magana da mutane ba tare da gandiroban sashen yana tsaye a kafaɗarka ba. Ma'aikata kuma suna kallon abin da ke ba ka dariya fiye da abin da ka rubuta a sanarwa. Idan aka yi wa fursuna ba'a a ɗakin shan shayi ka yi murmushi, horon da ake maimaita musu duk shekara biyu ya tashi a banza.

Da yawa daga cikinmu addini ya yi mana iyaka a kan wannan al'amari, kuma babu wanda ya nemi ka sauya aƙidarka. Alƙali ya yanke wa mutum shekaru ne, bai yanke masa fyaɗe ko duka ba, kuma wanda aka kulle ba ya iya gudu, ba ya iya zaɓen maƙwabci, makullin yana hannunka. Idan kana ba abokan aiki na ƙasashenmu shawara, ka tuna tambayar tantancewar nan ba ta ɗaukuwa yadda take zuwa inda abin laifi ne a doka, kamar Najeriya, domin amsar da aka rubuta tana iya zama shaida a kan mai ita. A can sai a dogara da sauran ma'aunai: shekaru, ƙirar jiki, ɗaurin farko, da tambayar ko akwai wanda yake tsoro.

Ranar mayar da mutum wani gida ko sallamarsa ita ma tana buƙatar shiri. Alamar haɗari ta riga shi isa, a san wanda zai zauna kusa da shi a mota, a kuma sake tantance shi cikin awa 72 a can. Wanda za a sallama, a tambaye shi tun da sauran wata biyu ko uku ko adireshin da ke fayil gida ne da za a karɓe shi, domin da yawa danginsu sun yanke hulɗa da su, kuma gidajen kwana na wucin gadi a rabe suke maza da mata. A ba shi maganin da zai kai shi ranar ganin likita na farko a waje, da takardar da ke ɗauke da sunan maganin da adadinsa.